Amsa: Kashi nawa na albashi zan sa a kuɗin haya?

Ɗan'uwa, ka ce yanzu ka fara aiki kuma gidan da ka gani zai ci rabin albashinka, gaskiya ban goyi baya ba. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kar haya ta wuce kashi 30 cikin 100, kuma ka lissafa da abin da ke shigowa hannunka bayan an cire haraji da fansho, ba wanda ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba, nan mutane da yawa ke ruftawa wallahi. Ka haɗa da kuɗin wuta da ruwa da na mota, don gida mai araha nesa da ofis a hanya zai cinye ka. In ta ƙi, nemi abokin zama ku raba.