Tsohon mai shago na titin Nelson

Ɗana, ka tambaye ni ko da gaske ne mu Hausawan Liverpool muna rusuna wa tsofaffin 'yan Chana masu shago, alhali ku a Kantin Kwari ciniki kawai ke haɗa ku da su. Da gaske ne, kuma abin yana da asali.

Jirgin ruwa ne ya kawo su, kamar yadda ya kawo mu. Tun 1866 jiragen kamfanin Blue Funnel suka fara zirga-zirga tsakanin nan da ƙasarsu, ma'aikatan jirgin suka riƙa zama kusa da tasha, har unguwarsu ta zama mafi daɗewa irinta a duk Turai. Kakanka kuwa jiragen kamfanin Elder Dempster ya bi daga Legas. Baƙo da baƙo, ba sai an yi dogon bayani ba.

Ina ɗan shekara takwas Inna take aikena titin Nelson, a unguwar 'yan Chanan, sayen shinkafa, citta, busasshen kifi da barkono, domin a lokacin kantunan Turawa ba su san waɗannan ba. Akwai wani tsoho, mu dai Baba mai shago muke ce masa. Ba ya lissafi da biro. Wani katako ne gabansa mai ƙwallaye jere a kan sanduna, yatsunsa su yi ta ƙas-ƙas, kafin ka ƙifta ido ya faɗi kuɗi. Canji kuma da hannu biyu yake miƙo maka, ko da yaro ne kai. Wata rana na ɗauko gwangwani, ya karɓe ya mayar kan kanta, ya girgiza kai ya ce wannan ba na gidanmu ba ne. Ashe da man alade a ciki. Nama dama ba a wurinsu muke saya ba, sai wajen Yamalawa da Somaliyawa a titin Granby.

Amma ba don wannan kaɗai ake girmama shi ba. Ka san maigida a zango, wanda fatake ke sauka wurinsa, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a ciniki? To shi ke nan. Wasiƙun ma'aikatan jirgi shagonsa suke zuwa, wanda bai iya Turanci ba shi ke yi masa tafinta, rigima ma a bayan buhunan shinkafa ake sasanta ta. A 1945 da 1946 gwamnatin Ingila ta kwashe ɗaruruwan ma'aikatan jirgi 'yan Chana ta mayar da su da ƙarfi, wasunsu da mata da 'ya'ya a nan, ba ko sallama. Kakanka ya ce mini matan nan sun yi shekaru suna karɓar abinci bashi a shagon, tsohon bai taɓa aika yaro ya bi su ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Shi ya sa ba a shiga irin shagon nan a ce "ba ni". Sai an gaisa, an tambayi jiki. Ranar sabuwar shekararsu su ba yaranmu lemo da ɗan kuɗi a jan ambulan, mu kuma da ƙaramar Sallah Inna ta aika musu cincin.

Shagon ya daɗe da rufewa. Yanzu babbar ƙofa ce a bakin titin, wadda magina daga Shanghai suka kafa a 2000, da siffofin dodanni 200 a jikinta. In Allah ya kawo ka, zan nuna maka inda kantarsa take.