Amsa: Kuɗin banki na bizar karatu a Birtaniya

Malam, ka ce jami'a ta ba ka gurbin digiri na biyu, kuma kawunka zai tura maka kuɗi mako guda kafin ka nemi biza. Don Allah kar ka yi haka, za a ƙi ka.

Ƙa'idar ita ce kuɗin su zauna a asusu kwana 28 a jere, ba tare da sun ragu ƙasa da adadin da ake buƙata ba ko da na yini ɗaya. Sannan ranar ƙarshe a takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka miƙa buƙatarka. Adadin kuwa shi ne ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da ke rubuce a CAS ɗinka (takardar tabbatar da gurbin karatu da jami'a ke bayarwa don neman biza), haɗe da kuɗin zama na wata 9, wanda na Landan ya fi na sauran garuruwa.

Asusun kawu ba ya karɓuwa. Ana karɓar naka, ko na mahaifi ko mahaifiya, tare da takardar haihuwarka da wasiƙar amincewarsu. Idan kawu zai taimaka, ya zuba a asusunka da wuri.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne canji. Ana lissafa naira zuwa fam da farashin ranar da ka nema, don haka idan naira ta faɗi, kuɗin da suka isa jiya sai su gaza yau. Ka ɗora ƙari mai kauri a kai.

Gwajin tarin fuka da ake buƙata don bizar kuma a asibitin da hukumomin Birtaniya suka amince da shi kaɗai ake yi, takardarsa wata 6 take aiki.