Amsar Kawu kan Farautar Barewa da Beyar a Fensilbeniya

Ɗana, sallama da fatan alheri. Na ga saƙonka, inda ka ce abokan aikinka sun gayyace ka sansanin farautarsu a jihar Fensilbeniya ta Amurka a ƙarshen Nuwamba, kana tambayar wace irin al'ada ce wannan, ko ya dace ka je, ko naman barewa da na beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, zai ciyu gare ka. Ka je. Amma ka bar hoton farautarmu ta rani a gida, wadda ake fita da kiɗa da karnuka da gora, a cinna wa daji wuta. A can kowace dabba da takardarta, kowace rana da dokarta.

Mutanen karkarar Fensilbeniya sun ɗauki ranar buɗe farautar barewa kamar yadda muka ɗauki sallah. Shekara da shekaru ana buɗewa ranar Litinin ta bayan bikin godiyarsu na Nuwamba, har makarantu da yawa ba sa buɗewa ranar. A 2019 aka mayar da ita Asabar, kuma har yau akwai dattawan da ba su huce ba. A jihar Mishigan kuwa 15 ga Nuwamba ce, ko wace rana ta faɗo. Sansanin ɗaki ne na katako a daji, galibi gadon kakanni, da babba mai raba wa kowa inda zai tsaya. Wanda ya harba ya kuskure, a wasu sansanonin yanke masa gindin riga ake yi a kafe a bango, saboda haka kada ka sa rigar da kake ji da ita. Wasu kan shafa wa sabon shiga jinin barewarsa ta farko a fuska. Wannan ka ba su haƙuri cikin raha. Giya da karta ma suna nan da dare, ka san yadda za ka yi da su.

Takarda ce farko. Kai da bizar wucin gadi kake zaune, kuma dokar tarayyar Amurka ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki. Kada ka karɓi bindigar aro ko don gwaji kafin lasisin ya shiga aljihunka. Ba a sayar wa sabon mafarauci lasisi sai ya yi kwas ɗin koyon farauta ya ci jarrabawa. Lasisin gama-gari na namijin barewa mai ƙaho ne; macen tana da nata daban, beyar ma haka. Ba kowane namiji ake harbi ba: tun 2002, a yawancin jihar sai ƙaho ɗaya yana da tsini uku. Ka ƙirga kafin ka ɗana. Sannan dole ka sa riga da hula masu ruwan lemo mai ƙyalli, aƙalla inci 250 murabba'i a kai da ƙirji da baya. Idon barewa bai damu da wannan launi ba, na ɗan'uwanka mai bindiga ne ake so ya gan ka.

Hanci ne makamin barewa. Ka zauna inda iska ke busowa daga wajenta zuwa fuskarka. In ta juya tana bugun ƙeyarka, zaman banza kake yi ko ka wuni. Ka isa wurinka da duhu, domin ana halatta harbi ne daga rabin awa kafin fitowar rana. In kujerar kan bishiya suka ba ka, ka ɗaura ɗamarar tsaro tun kana ƙasa, ka hau hannu biyu, sannan ka jawo bindigar da igiya ba harsashi a ciki. Faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure raunata mafarautan can, kuma yawanci wajen hawa ko sauka ne.

Ka jira barewar ta ba ka gefe. Ka bi bayan ƙafar gaba da ido zuwa kashi ɗaya cikin uku na tsayin gangar jiki daga ƙasan ƙirji, nan huhu da zuciya suke. Ka yi bismillah a lokacin da za ka ja kunama, da niyyar ci, ba wasa ba. Risala ta ce farauta don wasa makaruhi ce. Kada ka auni kanta ko wuyanta, ƙanana ne kuma ba sa tsayawa, kuskuren yatsa biyu sai ka karya mata muƙamuƙi ta je ta mutu da yunwa.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo yana zuwa ne bayan ƙarar bindiga. Kada ka tashi a guje. Ka riƙe bishiyar da ka gan ta ƙarshe a ido, ka ba ta rabin awa, sannan ka je ka karanta jinin. Ja mai haske da kumfa, huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Ja mai duhu, hanta ce, ka ƙara mata awa uku ko huɗu. In ka ga ruwa mai kore-kore da ɓarɓashin ciyawa yana wari, tumbi ka fasa. Wannan sai awa takwas ko fiye, domin in ka matsa mata za ta tashi ta yi ta gudu, jinin ya ɗauke, ka rasa ta. A nan fiƙihunmu ya shigo. In ka tarar da ita da sauran rai, ka yanka ta, don haka wuƙa mai kaifi ba ta barin ƙugunka. In harsashinka ya riga ya kashe ta, halal ce. Amma malaman Malikiyya sun yi magana kan abin farautar da ya kwana ba a gan shi ba, wasu sun hana, wasu sun halatta in an sami makamin a makasa. Harbin tumbi da yamma shi ke jefa mutum cikin wannan shakka, shi ya sa in haske ya yi rauni gara ka sauke bindiga. Wadda abokinka Kirista ya harbe ta mutu kuwa, mashhurin mazhabarmu ba a ci, sauran mazhabobi sun sassauta. Ka zauna da limaminku kafin tafiya.

Kafin ka ja ta ko taku ɗaya, ka cike takardar shaidar da ke tare da lasisinka ka ɗaura mata a kunne, ka kuma kai rahoto ga hukumar farauta cikin kwana 10. Sai fiɗa nan take. Ka kwantar da ita rigingine, ka zagaye dubura da wuƙa, ka tsaga ciki daga ƙugu zuwa ƙirji bakin wuƙa yana kallon sama, yatsu biyu suna danne tumbi. Ka kiyayi mafitsara. Ka yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ka zura hannu ka datse maƙogwaro, kayan ciki su biyo gaba ɗaya. Ka tokare ƙirjin da sanda iska ta shiga. Zafi ke ɓata nama: in sanyin gari yana tsakanin digiri 1 zuwa 4 a ma'aunin Selsiyos, za ta iya rataya kwanaki, in ya haura, ka cusa buhunan ƙanƙara ka nufi mahauci. Ka duba jikinka da dare, kaskar barewa na ɗauke da cutar Laim kuma jihar na cikin inda ta fi yawa. Akwai kuma ciwon ƙwaƙwalwar barewa da ya ɓulla a jihar a 2012. A yankunan da aka killace ba a fita da kai da ƙashin baya, kuma ana gwada kan kyauta. Ka jira sakamako kafin ka ɗora tukunya.

Wajen mahauci ka buɗe kunne. Naman barewa ba shi da mai, saboda haka in za su niƙa sukan haɗa da kitsen alade ba tare da sun tambaye ka ba, a wurinsu haka aka saba. Ka ce a yanka maka gunduwa-gunduwa kawai, ka niƙa a gida da kitsen sa. Barewa mai kilo 60 da ranta, tsokarta ba ta cika wuce kilo 25 ba, kada ka zargi kowa da sata. Sayar da naman haramun ne a dokarsu, kyauta dai ana yi. Cinyar kuma tana kilishi mai kyau.

Beyar ba zan ja maka ba. Farautarta da bindiga 'yan kwanaki ce kafin ta barewa, kuma a Fensilbeniya an hana ajiye mata abincin tarko, saɓanin jihar Maine. Kora ake yi: wasu su jera su kutsa kurmi, wasu su tare gaba, ƙungiya ba ta wuce mutum 25. Gashinta da kitsenta kan toshe rauni, jini bai cika zuba ba, ga ta da haɗari in ta ji ciwo. Wanda ya samu sai ya kai ta tashar bincike cikin awa 24, a auna a cire haƙori don sanin shekarunta. Fatar na riƙe zafi, in ba a feɗe da wuri ba naman ya yi tsami tun daga ƙashi. Yana kuma ɗauke da tsutsar da daskarewa ba lallai ta kashe ta ba, sai an dafa shi har tsakiyar nama ta kai digiri 74 na Selsiyos. A 2022 mutum shida sun kamu a wani taron dangi a Dakota ta Kudu bayan an gasa tsiren beyar bai nuna ba. Ta fuskar shari'a dabba ce mai fiƙa: Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun haramta, mashhurin Malikiyya karhanci ne. Ni dai shawarata, ka shiga cikin masu kora in doka ta ba ka dama, ka sha kallo, ka bar kunamar ga wanda zai ci.

Ka sayi safar ulu biyu da takalmin da ya ɗara ƙafarka kaɗan, sanyin zaman awa biyar ba motsi ta yatsu yake shiga. Ka gaida maiɗakinka da yara.