Excel ba ya cin kuɗin kowa: amsar tambayar mai shinkafa daga Jega

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina sayar da shinkafa buhu-buhu a kasuwar Jega, yarona ya sa mini Excel a waya ya ce in daina littafi, to yanzu duk ƙarshen wata in na haɗa abin da na mallaka da bashin da ake bina da jarina ba sa taɓa yin daidai, wani lokaci har dubu arba'in ke ɓata. Wayar ce ko manhajar ce ba ta da kyau?

Amsa: Alhaji wayarka lafiya lau take. Fara duba abu mafi sauƙi tukuna, buɗe shafin ka kalli layin kuɗin, duk lambar da ta jingina hagu alhali 'yan uwanta suna dama to Excel ya ɗauke ta a matsayin rubutu ne ba lamba ba, kuma SUM, wato umarnin da ke haɗa jimillar lambobi, tsallake ta yake yi shiru ba zai ce maka komai ba. Masu rubuta N50,000 ko 50k ko "dubu 50" su wannan ke kamawa. Rubuta 50000 zalla.

In ba nan ba ne to ciniki ne ka rubuta waje ɗaya, kuma a ganina nan matsalar taka take. Ka'idar leja ita ce duk abin da ya faru a shago sai ya taɓa asusu biyu ko fiye, domin a ƙarshe kadara ta yi daidai da bashin da ake binka haɗe da jari. Misali ka karɓo buhu 10 bashi wurin dila a kan 60,000 kowanne, asusun kaya ya ƙaru da 600,000, asusun bashin dila ma ya ƙaru da 600,000, shikenan sun tafi tare. Gobe sai mai abinci ta ɗauki buhu 2 a kan 65,000 ta turo 80,000 ta tiransifa ta ce sauran sai ran kasuwa. Yawancin 'yan kasuwa 80,000 ɗin kawai suke rubutawa saboda ita ce alat ya nuna. Amma a nan kaya sun ragu da 120,000, banki ya ƙaru da 80,000, bashin da kake bin ta 50,000 ne kuma shi ma kadararka ce ko da bai zo hannu ba, sai ribar 10,000 da za ta hau kan jari. Lissafa ka gani, ɓangarorin biyu da 10,000 suka ƙaru.

Sai kuɗin cefane da ake zara daga aljihun shago, da na makarantar yara, da gudummawar biki. Ba laifi ba ne ai kuɗinka ne, amma buɗe masa asusu nasa ka riƙa cire shi daga jari. Cajin POS da naira 50 da ake cira a tiransifar 10,000 zuwa sama su ma a rubuta su, ƙanana ne amma a wata suna taruwa.

Tsarin da nake ba mutane shi ne shafi ɗaya mai kwanan wata a layin tsaye na A, sunan asusu a B, shiga a C, fita a D, sai shafi na biyu ya tattaro abin da ya rage a kowane asusu da kansa, kamar =SUMIF(B:B,"banki",C:C)-SUMIF(B:B,"banki",D:D) idan a shafi ɗaya kake, in a na biyu ne sai yaron ya ƙara sunan shafin. Sunan asusu kuwa iri ɗaya kullum, in yau ka rubuta banki gobe bank to asusu biyu ke nan a wurin kwamfuta. Yaron ya yi maka Data Validation, wato jerin sunayen asusun, ka riƙa zaɓa kawai.

Tambaya: Ni ina da shagon atamfa a Gusau, tsorona a sace wayar bashin mutane ya bi ta.

Amsa: Hajiya koma Google Sheets, shi ma irin Excel ne, yana ajiyewa a asusunki na Gmail, kyauta ne har 15GB. Ki kunna Available offline saboda ranar da netwok ya ɗauke, in ya dawo zai tura da kansa. Fasawod ɗin Gmail ki rubuta shi a takarda ki adana a gida, kar ki bar wa mai shagon cajin da ya buɗe miki shi.