Kan injin goge jijiyar zuciya ya maƙale wa Baba: sakaci ne?

Tambaya: Likita, mahaifina mai shekara 71 yana da ciwon suga, ƙodarsa ma ta yi rauni. An shiga da shi a buɗe masa jijiyar zuciya ta hanyar zura bututu ta hannu, aikin da aka ce na awa ɗaya ne, sai ga shi ya kai uku. Daga baya aka ce mana kan injin da ake goge jijiyar da shi ne ya maƙale, sai da aka huda cinyarsa kafin a ciro. Ya samu sauƙi, amma yayyena sun dage sakaci ne. Haka ne?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, 'yar'uwa. Maƙalewar ita kaɗai ba hujjar sakaci ba ce, kuma hudar cinyar da ta tayar muku da hankali ita ce ta kwantar da nawa.

Tsufa da suga da ciwon ƙoda suna sa sinadarin kalsiyam ya taru a bangon jijiya har ya ƙeƙashe. Idan aka hura ɗan balan-balan da ake buɗe jijiya da shi a irin wannan wuri sai wurin ya ƙi buɗuwa, wani lokaci balan-balan ɗin ya fashe, ko ragar ƙarfen da za a dasa don ta tokare jijiyar a buɗe ta kuɓuce a hanya. Shi ya sa ake fara gogewa da wani inji mai suna Rotablator, wanda kansa ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai faɗin milimita 1.25 zuwa 2.5, da ke juyawa sau 140,000 zuwa 180,000 a minti.

Ga inda matsalar take. Rabin gaban dunƙulen ne kawai aka yaɓa wa garin lu'u-lu'u, bayansa sumul yake. Yana ci idan yana gaba, ba ya ci idan yana dawowa. To idan ya kutsa ya wuce matsatsin bai gama goge shi ba, sai ya zama kamar zoben da ya wuce gaɓar yatsa. Muna kauce wa hakan ta hanyar farawa da ƙaramin kai, a taɓa a janye, kowane zagaye bai wuce daƙiƙa 20 ba, kunne na kan ƙarar injin. Gudunsa ya ragu da fiye da juyi 5,000 a minti, a ja da baya. Duk da haka yakan faru jefi-jefi a hannun gwanaye, musamman a jijiya mai lanƙwasa.

Abin da nake tsoro shi ne fizga. Likita ya ja da ƙarfi, babban bututun da ake zura kayan aiki ta cikinsa, wanda ke bakin jijiyar, sai ya zurma ciki ya yage ta, ko sandar injin ta tsinke. Mai natsuwa yakan bi mataki-mataki. Ya ba da maganin saki jijiya, ya ja a hankali. Idan ta ƙi, ya zura wata waya ta gefen dunƙulen, ya hura ƙaramin balan-balan ya sassauta wurin. Sau da yawa bututun farko ba shi da sararin wannan, dole a shigo da na biyu ta wata ƙofa. Ƙofar Baba ita ce cinya. Akwai kuma yanke sandar daga waje, a zare rigarta, a tura siririn bututu har ya rungumi dunƙulen a fito da su tare. Tiyatar buɗe ƙirji ce ta ƙarshe, kuma ni ban yarda a yi wannan aiki ba tare da an tsara yadda za a kai ga likitan tiyata ba.

Ku nemi rubutaccen rahoton aikin, haƙƙinku ne. Ku tambaya ko an kai ga dasa ragar, ko ta buɗe sosai, ko akwai abin da ya rage a ciki.

Aikin ya daɗe, wataƙila ruwan da aka zuba masa a jijiya don ta fito a hoto ya yi yawa, don haka a sake auna ƙodarsa. Ki riƙa duba cinyar: kumburi mai ƙaruwa, zubar jini ko sanyin ƙafa, a koma asibiti nan take, haka ma ciwon ƙirji. Magungunan hana daskarewar jini kuma kada ya tsallake ko na kwana ɗaya sai da izinin likitan zuciyarsa.