Amsoshin Tambayoyinku: Cinikin 'Yan Wasan Besbol da Fushin Magoya Baya

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga wasan da ba a saba tambayarmu a kansa ba, wato besbol na Amurka, wanda ake jefo ƙwallo wani ya make ta da kulki ya zagaya fili da gudu. Kakar wasan tana ƙarewa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, daga nan kuma har zuwa Fabrairu babu wasa sai ciniki, shi ya sa labarin maƙudan kuɗin yake shigo wa wayoyinmu daidai lokacin da hunturu ya kankama. Su kansu Amurkawa suna yi wa wannan lokaci laƙabi da gasar bakin murhu, domin a da magoya baya sukan kewaye wuta suna jin ɗumi suna gardamar wa za a ɗauka, wa za a sallama, kamar dai yadda ake yi a teburin mai shayi a Gusau bayan sallar asuba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da gidan kallon ƙwallo a Birnin Kebbi. Gardama ta kaure a wurina kan Juan Soto, wanda aka ce ya bar New York Yankees ya koma New York Mets a kan dala miliyan 765. Wasu sun ce Yankees aka biya kuɗin, kamar yadda PSG ta biya kuɗin Neymar. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka gaya wa masu cewa Yankees aka biya su yi haƙuri, domin ko sisin kwabo bai shiga aljihun ƙungiyar ba. Yuro miliyan 222 da aka biya a 2017 kuɗin ɓalle kwantiragin Neymar ne daga Barcelona, albashinsa daban. Kuɗin Soto kuwa haƙƙinsa ne shi kaɗai, wanda Mets suka amince a watan Disamba na 2024 za su biya shi cikin shekara 15. Abin da Yankees suka tsira da shi kawai shi ne ƙarin damar zaɓen matashi ɗaya a taron rabon sababbin 'yan wasa.

Dalili shi ne, babbar gasar besbol mai ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka ɗaya a Toronto ta Kanada, ba ta tafiya kan tsarin kasuwar Turai. Hanya biyu ce mafi yawan 'yan wasa suke bi su sauya sheƙa. Ta farko ita ce musaya, ba ni gishiri in ba ka manda: ƙungiya ta miƙa gwaninta guda, ta karɓi matasa uku ko huɗu da ake kyautata zaton za su yi fice, shi kuma ya tafi da kwantiraginsa yadda yake. Ba a neman yardarsa, sai idan an rubuta wannan sharaɗi a kwantiraginsa, ko kuma ya shekara goma a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. Ta biyu ita ce ɗan wasa ya cika shekara shida a babbar gasa, kwantiraginsa ya ƙare, ya zama mai 'yancin kansa, kowa ya taya, ya zaɓi inda ya ga dama. Ta wannan ƙofa Soto ya fita.

Akwai kuma ƙananan sauye-sauye da ba sa zuwa kunnenmu. Kowace ƙungiya tana da gurbi 40 a rajistarta, 26 ne suke cikin masu fita wasa, saboda haka duk sanda aka kawo baƙo alhali rajista a cike take, dole wani ya tattara kayansa.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Ƙaura Namoda. Ƙanena yana zaune a New York, kuma mai goyon bayan Yankees ne na gani-kashe-ni. Tun da Soto ya tafi, duk wayar da muka yi sai ya kira shi butulu maci amana. Na ce masa mutum ai inda abincinsa yake nan yake zuwa, ya ce ban san wasa ba. Shin wa ya fi gaskiya tsakaninmu?

Amsa: Malama, ki gaishe da ƙanen naki, ki kuma ce masa ba shi kaɗai ba ne. Ranar da Soto ya fara komawa filin Yankees da rigar Mets, a watan Mayu na 2025, ihu aka yi ta yi masa, 'yan kallon da ke bayan wurin da yake tsayawa kuma suka miƙe suka juya masa ƙeya. Shi kuwa da ya zo bugu sai ya cire hular kwanonsa ya ɗaga musu. Zafin abin ana iya fahimtarsa, domin bai bar garin ba, maƙwabta ya koma, kuma rahotanni sun ce Yankees sun taya shi dala miliyan 760 a shekara 16, ratar da a idon mai goyon baya ba ta kai a raba gari a kanta ba.

Duk da haka ina ganin ke kika fi kusa da gaskiya, kuma hujjata tarihin yaron ce. Soto ɗan Jamhuriyar Dominika ne, ya ci kofi da Washington Nationals a 2019. A 2022, bayan ya ƙi tayin sabon kwantiragi, suka yi musayarsa zuwa San Diego Padres, su kuma a Disambar 2023 suka tura shi Yankees. Sau biyu ke nan aka ɗauke shi kamar buhun gero daga wannan rumfa zuwa waccan ba tare da ta bakinsa ba, kuma babu wanda ya kira masu ƙungiyoyin da butulci. Kaka ɗaya tak ya yi a Yankees, ya taimaka suka kai wasan ƙarshe na 2024. Ranar farko da zaɓi ya zo hannunsa sai aka ce ya ci amana. Amanar wa aka ba shi?

Wannan 'yanci ma ba a banza aka same shi ba. Kusan shekara ɗari ana tafiya da wani sharaɗi da yake ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa har sai ita ta gaji da shi. A 1969 St. Louis Cardinals suka yi musayar Curt Flood, baƙar fata da ya yi musu wasa shekara 12, zuwa Philadelphia, shi kuwa ya ce ƙafarsa ba za ta taka can ba. Ya rubuta wa shugaban gasar, Bowie Kuhn, cewa shi ba kadara ba ne da za a saya a sayar ba tare da son ransa ba. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, ya sha kaye a 1972, kuma wasansa bai sake komawa yadda yake ba. Sai a Disambar 1975 mai sasanci Peter Seitz ya yanke hukuncin da ya 'yanta Andy Messersmith da Dave McNally, a 1976 kuma aka amince da ƙa'idar shekara shida. Ƙwallon ƙafar Turai sai da ta jira shekara 20 kafin hukuncin Bosman na 1995 ya buɗe irin wannan ƙofa.

Idan ƙanenki yana neman fushin da ya fi nasa tushe, ya dubi abokan hamayyarsu na Boston. A Fabrairun 2020 Boston Red Sox, ƙungiya mai arziki, ta yi musayar Mookie Betts, yaron da ta rena da hannunta kuma gwarzon 2018, zuwa Los Angeles Dodgers, galibi don rage nauyin albashi. A shekarar ya ci kofi da Dodgers. Mutanen Boston ba su zagi Betts ba, masu ƙungiyar suka sa a gaba, domin abin ya fama musu tsohon miki: a ƙarshen 1919 mai ƙungiyar na lokacin, Harry Frazee, ya sayar wa Yankees da shahararren ɗan wasansu Babe Ruth a kan dala dubu 100, kuma Boston, wadda ta ci kofi a 1918, ba ta sake ɗaga shi ba sai 2004, bayan shekara 86. Yana da kyau ki tuna wa ƙanen naki cewa daular Yankees da yake tinƙaho da ita, da ɗan wasan da aka raba da wasu ta fara.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Jega, kuma mu abin da muka sani shi ne kuɗi hannu. An ce Shohei Ohtani ya yarda a riƙe masa kusan duk albashinsa har shekara goma. Wace irin dabara ce wannan?

Amsa: Alhaji, labarin gaskiya ne. A Disambar 2023 wannan ɗan Japan, wanda ya shahara saboda ya iya jifa ya kuma iya bugu, ya bar Los Angeles Angels ya sa hannu da Dodgers kan dala miliyan 700 na shekara goma. Miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 za a biya shi daga 2034 zuwa 2043, ba tare da kuɗin ruwa ba. Kai da kake kasuwa ka san cewa kuɗin da za a ba ka bayan shekara goma bai kai na yau daraja ba, kuma nan dabarar take. Besbol ba ta da iyakar albashi, amma ƙungiyar da ta wuce wani adadi, wanda ya kasance dala miliyan 237 a 2024, tana biyan haraji. A lissafin wannan haraji ana ƙirga kwantiragin Ohtani kusan miliyan 46 a shekara maimakon 70. Shi ba ya jin yunwa, domin tallace-tallace suna kawo masa miliyoyi, ƙungiyar kuma ta sami sararin ɗauko wani ɗan Japan ɗin, Yoshinobu Yamamoto, a Disambar 2023 ɗin kan dala miliyan 325 na shekara 12. Sun ci kofi a 2024, suka maimaita a 2025.

Magoya bayan ƙungiyoyin ƙananan birane irin su Pittsburgh suna kukan cewa mai kuɗi ya saye kasuwa, suna neman a sa iyakar albashi. Ƙungiyar 'yan wasa ba ta taɓa yarda da haka ba, kuma a kan wannan batu aka yi yajin aikin 1994 da ya sa ba a buga wasan ƙarshe ba a shekarar.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi a cinikin Ohtani mutanen Toronto ne. Ranar 8 ga Disamba 2023 jita-jita ta bazu cewa yana cikin wani ƙaramin jirgi da ya taso daga Kalifoniya zuwa garinsu, dubban mutane suka yini suna bin sawun jirgin a intanet, da ya sauka sai ga wani ɗan kasuwa ya fito tare da iyalinsa. Washegari Ohtani ya sanar da cewa Dodgers ya zaɓa. Bayan shekara biyu ya zo Toronto ɗin da gaske, a wasan ƙarshe na 2025, inda Dodgers suka ɗauke kofin a karawa ta bakwai kuma ta ƙarshe a filin Blue Jays, ƙungiyar garin.