Tauraron garkuwar Gawain tambarin matsafa ne?

Tambaya: Malam ina aji biyu a jami'a, an ba mu waƙar Sir Gawain and the Green Knight mu karanta. Na ga tauraro mai tsini biyar a garkuwar Gawain, jarumin waƙar, wani a hostel ya ce min tambarin ƴan ƙungiyar asiri ne, wai da gangan ake cusa mana. Wallahi hankalina ya tashi, in ajiye littafin ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗana, kar ka ajiye komai. Wannan magana ta ishe ni, kowace shekara sai ɗalibi ya zo min da ita daga bakin masu bidiyon TikTok da ko shafi ɗaya ba su buɗe ba. Shi mawaƙin, mutumin Ingila na ƙarshen ƙarni na 14, ai da bakinsa ya faɗi ma'anar tauraron, ya jingina shi ga Annabi Sulaiman, ya ce alamar gaskiya da riƙon amana ce, har ya bi tsinin ɗaya bayan ɗaya da abubuwan addininsa na Kirista, ciki har da raunuka biyar na Almasihu a aƙidarsu da farin ciki biyar na Maryama, kuma hotonta ne ma a cikin garkuwar ta ɓangaren da Gawain yake kallo. Danganta tauraron da aka kifa da sheɗan kuwa sai ƙarni na 19 ya yaɗu, ta rubuce-rubucen Eliphas Levi Bafaranshe, kusan shekara 500 bayan waƙar. To ina haɗin? Je ka kalli tutar Maroko, tun 1915 irin wannan tauraron ke jiki, su ma matsafan ne? Haba jama'a, mutum bai karanta ba amma yana raba fatawa.

Garin neman matsafa sai a tsallake inda jarrabawar take. Kwana uku matar mai masaukin Gawain tana shigo masa ɗaki tana jan hankalinsa, ya kame kansa cikin ladabi. Abin da ya kayar da shi koren ɗamara ne da ta ce duk mai ɗaure da shi ba a iya kashe shi, kamar dai laya, ya karɓa ya ɓoye wa mijin alhali sun yi alkawarin musayar duk abin da suka samu. Tsoron mutuwa ya sa shi saɓa alkawari, shi ya jawo masa ɗan yankan gatari a wuya daga hannun Green Knight, wato koren jarumin. Nan za ka tsaya in an tambaye ka a jarrabawa, ka bar ɗan hostel da bidiyonsa.